Kuros mai sauƙin kuɗi don zirga-zirgar Maradi: duba ƙafa da lambar inji kafin fenti

Kwaltar Maradi ba ta da nisa. Ka baro babban titi ka kutsa lungunan Zariya ko Ali Ɗan Sofo, nan da nan tayar gaba ta fara iyo cikin rairayi, in damina ta sauka kuma ruwa ya yanka kwazazzabai a tsakiyar hanya. Wannan ne ke jan hankalin mutane zuwa ga kuros, babur mai dogayen ƙafafu da aka ƙera don ya hau kwalta ya kuma shiga daji. Amma in mai saye ya zauna ya yi lissafi tsakaninsa da Allah, mafi yawan tafiyarsa a kan kwalta take: gida zuwa babbar kasuwa, wurin aiki, Tibiri, Jiratawa, jefi-jefi Madarunfa ko Ɗan Isa. Ga mai irin wannan zirga-zirga, ra'ayinmu shi ne ya nemi kuros mai tayar inci 19 a gaba da 17 a baya, inji samfurin CG mai cc (ma'aunin girman inji) 150 ko 200, da kabireto da kik. Dogon nan mai 21 da 18 da aka manna wa 250 a tanki ya fi ɗaukar ido a gaban shago, amma shi ya fi wahalar da mai shi a cikin gari.

Abin da ke kasuwa iri uku ne, ko da yake sunayen sun fi a ƙirga. Akwai na Sin masu 200 da 250, waɗanda sau da yawa babur ɗaya ne ake sauya wa suna da launi gwargwadon ɗan kasuwar da ya yi odarsa. Akwai ƙananan masu sunan Japan, wato Honda XR150L da Yamaha XTZ125, sai Haojue NK150 da ke bin sawunsu. Sannan na Indiya, Bajaj Boxer X150 da TVS HLX 150X, waɗanda asalinsu baburan titi ne aka ɗaga musu murfin tayar gaba aka sa musu taya mai ɗan gurza.

Tunda sunan da ke jikin tanki ba ya gaya maka komai a kan na Sin, durƙusa ka karanta lambar da aka buga a gindin injin ta hannun hagu. Za ka ga abu kamar 162FMJ, 163FML, 165FMM ko 167FMM. Lambar farko, 1, silinda ɗaya ke nan. Biyun da ke biye faɗin fistin ne a milimita. F na nufin iska ke sanyaya shi. Harafin ƙarshe shi ne ajinsa: J na 150, L na 200, M na 250. To amma aji daban, ainihin girma daban. 163FML cc 197 ne, 167FMM cc 229, 165FMM kuwa 223. Wato mafi yawan abin da ake sayar maka da sunan 250 bai kai ba, kuma tazarar ƙarfinsa da na 200 ba ta wuce doki ɗaya ko biyu. Kada ka biya ƙarin kuɗi mai yawa a kan wannan tazara.

Abu na biyu, gane ko injin CG ne ko CB. Dukansu kwaikwayon tsofaffin injinan Honda ne. Shi CG an samo shi daga CG125 da Honda ta fitar a 1975, wanda ta ƙera musamman don ƙasashen da ake aza wa babur kaya fiye da kima ba a kuma juye masa mai a kan lokaci. Bawul ɗinsa sanduna biyu ke tura su daga ƙasa, babu sarƙar taimin da za ta saki ko ta tsinke. Kansa murfi ɗaya ne da noti 3. Shi kuwa CB kamshaf ɗinsa a sama yake, sarƙa ke juya shi, za ka gane shi da ƙaramin murfin da ke gefen kan injin. CB ya fi laushi, ya fi son gudu, amma in mai ya yi ƙasa ko ya tsufa kan injin ne ke fara ci, domin kamshaf ɗin a can ƙololuwa yake jiran mai ya hau masa. A garin da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kuma mai babur kan manta da juye sai ya ji ƙara, CG ya fi haƙuri. Kowane bakanike a Maradi ya san cikinsa, tunda shi ne a jikin yawancin baburan Sin na ƴan kabu-kabu. Faifan kulochi, buji, koyil, CDI (akwatin da ke ba buji wuta) da sandar kik duk sukan hau juna. Fistin da zobban 200 da 250 kuwa, in ba ka samu wurin masu kayan babur ba, leƙa wurin masu sayar da kayan keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, injinsu dangi ɗaya ne. Ka tafi da tsohon fistin a hannu a gwada, saboda kaurin fil ɗin yakan bambanta.

Aibin CG shi ne karkarwa. Na 229 da ba shi da sandar daidaita jijjiga, da zarar ka wuce kilomita 80 a awa za ka ji tafin hannunka da ƙafarka suna mutuwa, madubi ya daina nuna komai, notuna kuma su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da sandar za ka ga wani tudu a gaban gindin injin, ƙasan bakin salansa. In kana yawan bin hanyar Cadawa da Tasawa ko Gidan Rumji, wannan tudun ya cancanci ƙarin kuɗinsa. In iyakarka cikin gari ce, ba dole ba ne.

Yanzu ƙafafu, inda yawancin masu saye ke yin asara. An yi tayar gaba mai inci 21 don ta haye dutse da rami ta kuma yanka rairayi mai zurfi, kuma a can ba ta da na biyu. A kan kwalta kuwa tana da nauyin juyawa, ga ta siririya, ga shi takan zo da manyan haƙora. Hawa irin wannan taya a kan kwalta kamar gudu ne a kan siminti da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi: ɗan abin da ke taɓa ƙasa kaɗan ne. Birki ba ya kamawa da wuri, a kwana haƙoran gefe suna lanƙwashewa, ranar da ruwan farko ya jiƙa ƙurar titi kuwa sai a hankali. Zafin kwalta na cinye su da sauri, ta baya takan ƙare tsakanin kilomita 3,000 da 5,000, ta gaba kuma ta ci a karkace har kan babur ya riƙa rawa. In ka tashi sauyawa sai ka ga 2.75-17, 3.00-17 da 3.00-18 ne a rataye ko'ina, ita 21 sai an nema, wani lokaci sai an aiko daga Katsina ko Kano ta Jibiya.

Mai 19 da 17, masu lamba 90/90-19 da 110/90-17, shi ne tsaka-tsaki. Yana kwanciya a kwana, ya fi tsayawa in an taka birki, kuma yana wuce rairayin unguwa da gargadar hanyar burji ba tare da wata matsala ba. Ita ma 19 ɗin ba a kowane shago take ba, gaskiya ce, amma tayar gaba tana yin ninki biyu na kwanan ta baya, kuma ta bayan 17 ce, wadda ko ba ka samu faɗinta daidai ba za ka samu abin da zai kai ka gida. Ka sa sharaɗi tun wurin ciniki a sauya maka taya mai manyan haƙora da mai ƙananan gurza a jere, ko a rage maka kuɗinta. Iska kuma: bar 1.75 a gaba, 2 a baya, 2.25 in da goyo, wato 25, 29 da 33 a ma'aunin masu faci. Masu faci sukan ɗura fiye da haka in ba ka tsaya a kansu ba, taya mai iska da yawa kuwa ita ce ke nutsewa a rairayi. Yawancin waɗannan baburan da tub suke aiki, kuma tub ɗin da ke zuwa daga kamfani siriri ne, ƙayar aduwa ɗaya ta ishe shi. Sa mai kauri tun farko.

Tsawo ma abin dubawa ne. Sirdin masu 21 da 18 na Sin yakan kai santimita 86 zuwa 90 daga ƙasa, na XR150L kuwa 82.5 ne. A cunkoson bakin kasuwa, inda za ka tsaya ka tashi sau ba adadi tsakanin amalanke da adaidaita, wanda tafin ƙafarsa ba ya kai ƙasa zai sha faɗuwar tsaye. Ka tuna kuma ba kai kaɗai za ka hau ba. Uwargida da za ta zauna a gefe da zane da hijabi, ko dattijo da babbar riga, hawa sirdi mai santimita 90 aiki ne, ga sirdin siriri da tauri, ga salansa da ta bi ta ƙarƙashin cinya. Duba ko akwai garkuwa a jikin salansar, da murfin sarƙa cikakke, domin bakin zane da sarƙa ba sa shiri. Kariyar baya, wato wurin ɗaura kaya, ta waɗannan kuros ɗin an yi ta ne don ƴar jaka, ba don buhun hatsi ba. Ƙarfen da ke riƙe da ita siriri ne, in aka matsa masa yakan tsage daidai inda aka yi masa walda a bayan sirdi. Wanda sana'arsa ɗaukar kaya ce ko kabu-kabu, ya bar maganar kuros gaba ɗaya ya sayi Boxer ko HLX: sirdi mai faɗi da tsawo, shokazoba biyu a baya, ƙafafu 17, kayan gyara a kowace kusurwa. Tazarar da ke tsakaninsu da ƙasa ba ta kai ta kuros ba, kuma birkin gaba na yawancinsu na ganga ne, wannan ne raunin da za ka haƙura da shi.

Kayan ƙawa da ake jera wa mai saye, mafi yawansu a bar su. Shokazoban gaba da aka kifa, masu launin zinariya, suna da kyan gani, amma sandarsu mai santsi tana ƙasa inda ƙura da tsakuwa suke, sil ɗin ya fashe, mai ya tsiyayo kan birki. Na gargajiya masu rigar roba sun fi dacewa da ƙurar hunturu. Birkin faifai a gaba wajibi ne ga mai hawa kwalta. A baya kuwa na ganga ya fi, domin rairayi na cinye takalman birkin faifai na baya cikin ɗan lokaci, kuma famfonsa a kan masu araha yakan maƙale. Wani ɗan gwangwani da ake ɗaurawa a jikin birkin gaba a rubuta masa ABS, wato na'urar hana taya ƙamewa in an taka birki, ba ABS ba ne. Bawul ne da ke rage matsin mai, abin da yake yi kawai shi ne sa birki ya yi laushi. Lagireto ma ba ka buƙatarsa a inji mai doki 14.

Tsakanin kabireto da inji mai feshin mai na lantarki, kamar Lifan X-Pect 200, mai feshin ya fi tashi da wuri ya kuma fi tsimin mai. Sai dai famfon mansa ba ya jure datti da ruwa, kuma in batir ya mutu babur ya mutu. Wanda ke shan mai a gidan mai kullum zai iya saye. Wanda ke tsayawa wurin ƴan ruwa-ruwa ya sha na kwalba, ya tsaya a kan kabireto, ya ƙara ƴar matatar mai a jikin tiyo. Ka tabbata akwai kik, ka kuma sa a cire wayar batir a buga a gabanka. In ya tashi, CDI ɗinsa daga koyil yake shan wuta, ranar da batir ya ƙare ba za ka tura ba.

Batun shan mai, 125 da 150 sukan yi kilomita 40 zuwa 45 da lita ɗaya, 200 da 229 kuwa 28 zuwa 35. A farashin da gwamnati ta sa a 2024, dala ɗari ba tamma ɗaya kowace lita, mai yin kilomita 30 a yini zai sha wajen lita 22 a wata da 150, lita 30 da 229. Bambancin ya kusa jaka 4 duk wata, kafin a zo maganar taya.

Masu sunan Japan fa? XR150L shi ne ma'aunin da za a auna sauran da shi a wannan aiki: cc 149, giya 5, ƙafafu 19 da 17, tanki lita 12, faifai a gaba, ganga a baya. Ba ya karkarwa, wayoyinsa ba sa narkewa, kuma in ka tashi sayarwa yana riƙe darajarsa. XTZ125 ya fi shi rashin nauyi kuma ya fi shi iya rairayi, tunda 21 da 18 ne, shi ya sa ma'aikatan ayyukan karkara ke son sa, amma da goyo a kan babbar hanya cc 124 ɗinsa yana nishi. Matsalarsu biyu ce: kuɗinsu yakan ninka na ɗan Sin, kayan gyaransu na asali kuma ba a bakin titi suke ba, ga jabu da yawa cikin kwali mai tambarin gaske. NK150 ya zauna a tsakiya, ƙirar XR ce kusan sak, haɗinsa ya fi na sauran ƴan Sin tsabta nesa ba kusa ba. In dilan da ke sayar da shi yana ajiye kayansa, shi ne za mu fara nuna wa ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi. Akwai kuma Qingqi 200, mai injin da aka samo daga Suzuki DR200. Inji ne nagari, yana da matatar mai ta takarda, sai dai kayansa ba sa hawa na CG, don haka tambayi kayan kafin ka tambayi farashi. Abin da babu shi a gari yakan daɗe bai iso ba, kamar yadda aka gani bayan rufe iyakar Benin a 2023, lokacin da kaya suka koma zagayowa ta Lome.

In ka tsaya a kan ɗan Sin, ka sani rabin ingancinsa a hannun wanda ya haɗa shi yake. A kwali yake zuwa, yaran shago su ɗaura shi cikin gaggawa. Kafin ka hau, kai shi wurin bakaniken da ka yarda da shi a yi waɗannan. A zubar da man da ya zo da shi, na ajiya ne ba na tafiya ba, a zuba lita 1 na 20W-50 na babur mai alamar JASO MA. Man mota yakan sa kulochi santsi. A kwance ƙafafu biyu a cika boris da giris, haka boris ɗin wuya da sandar da ƙafar baya ke lilo a kanta, domin kusan a bushe suke fitowa. A bi notunan da ke riƙe inji, salansa, birki da sufuroket ɗaya bayan ɗaya, a ɗiga musu gam ɗin noti mai launin shuɗi. A saita bawul inji na sanyi, milimita 0.05 na shiga, 0.08 na fita, da ma'auni ba da kunne ba. Sukan zo a matse, kuma matsattsen bawul shi ne ke sa babur ya ƙi tashi in ya yi zafi, daga baya bawul ɗin ya ƙone. A ƙwanƙwasa wayoyin ƙafa da sifana, wadda ta yi ƙarar kurma a ɗaure ta, a sake bi bayan kilomita 500. A duba inda wayoyin wuta ke gogar ƙarfe a wuyan babur a naɗe su. Tiyon mai da ya zo da shi rana na fasa shi cikin ƴan watanni, a sauya. A auna cajin batir inji na aiki, ya kamata ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5.

Sarƙa tana da nata sharaɗin. Lamba 428 ce a yawancinsu, kuma ta kamfani tana miƙewa da wuri. A kuros ana barin ta da sassaucin santimita 3 zuwa 4, ba 2 irin na babur ɗin titi ba, saboda ƙafar baya tana da doguwar tafiya, duk lokacin da ta nutse sarƙar na ƙara ɗaurewa. Bakaniken da ya saba da na kabu-kabu zai ɗaure ta tamau, ka faɗa rami da goyo, boris ɗin sufuroket na gaba ya tafi. Su kansu sufuroket ɗin sukan zo da haƙora 15 a gaba da 50 a baya, lissafin hawan dutse. A kan kwalta wannan na sa inji kuka a kilomita 70. Mayar da su 16 da 45 yana rage juyin inji da wajen kashi 16 cikin ɗari, ƙara ta ragu, shan mai ya ragu, kuma giya ta ɗaya tana nan da ƙarfin fita rairayi. Masu sa 17 da 45 sun fi jin daɗin babbar hanya, amma da goyo a lungu kulochi ne ke biya.

Kabireton PZ27 ko PZ30 da ke kansu yakan zo da ƙarancin mai. Alamarsa: wahalar tashi da sanyin Disamba, tari a salansa in ka saki totur, da bakin buji fari fat. Magani a ɗaga allura mataki ɗaya, in bai isa ba a ƙara babban jet, a PZ30 daga wajen 98 zuwa 105 ko 110, har bakin bujin ya koma ruwan ƙasa. Al'adar nan ta cewa bakanike ya shaƙe kabireto don rage shan mai, a injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, a zafin bazara, ita ce ke aika fistin da bawul da yawa bola. Buji D8TC ko D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Juyen farko a kilomita 300, na biyu a 1,000, daga nan duk 1,000 zuwa 1,500. CG ba shi da matatar takarda, ƴar raga ce a bayan babban notin gefen hagu, a wanke ta duk juye. Matatar iska ta soso kuwa a wanke da kananzir, a matse ba a murɗe ba, a shafa mata mai kaɗan, duk mako biyu a lokacin hunturu. Soson da aka mayar a bushe ba ya tare ƙura, cikin shekara ɗaya babur zai fara hayaƙi.

Kafin kuɗi su bar hannunka, gwada lambar jikin firam da ta inji da abin da ke cikin takardar duwan, harafi da harafi. Baburan da ke shigowa ta bayan fage suna da araha, amma ba za su samu kart giriz ba sai an biya abin da aka kauce wa, kuma lambar da aka goge aka sake bugawa tana iya zama ta babur ɗin sata. Ka sa kuɗin kart giriz, lamba, asiransi da hular kwano cikin lissafin farashi tun farko. Sannan ka ce wa mai shagon ya ɗauko maka abu huɗu a take: tub na gaba, takalman birkin gaba, wayar kulochi da sufuroket na baya na wannan samfurin. In ya ce sai an aiko, je shago na gaba.